Irmiya Mai Hoto da Kariyar da Ya Cire

Akwai wani mutum mai ɗaukar hoto, sunansa Irmiya. Shagonsa yana fuskantar na Zakka, wanda shi ma sana'arsa ke nan. Duk amaryar da ta shiga wurin Zakka, sai Irmiya ya ji kamar an watsa masa barkono a ido. Kishi ya ci shi har ya rame, ga shi da ma ba wani jiki ne da shi ba.

Ya ce a ransa, "Ba iyawa ya fi ni ba, manhajar gyaran hoto kawai ya samu."

Sai ya je wani lungun intanet ya kwaso wata manhaja, ya sa a kwamfutarsa. Kwamfuta ta ƙi buɗe ta. Ya kira Rifkatu mai gyara.

Ta duba, ta ce, "Baba Irmiya, kariya ce ta tare ta. A ƙwaƙwalwar kwamfuta akwai wurin ajiya, akwai wurin ba da umarni. Abin da aka ajiye ba a yarda ya ba da umarni ba. Ita kuwa wannan daga wurin ajiya take so ta yi mulki. Ku rabu da ita."

Ya ce, "To, ta Zakka fa?"

Ta ce, "Ban san ta Zakka ba, taku na gani."

Tana fita, ya hango ango da amarya suna dariya a ƙofar Zakka. Ransa ya ɓaci. Ya shiga saitin kwamfutar ya cire kariyar, manhajar ta buɗe, har ya yi murmushi. Ashe mugun umarni ne ɓoye a cikinta, ya bi hotuna ya lalata su kaf. A ciki har da na bikin 'yar wata gwauruwa, babu kwafinsu kuma a ko'ina.

Da matar ta zo, ta ce, "Ɗana, na zo in ga 'yata cikin kayan aure." Irmiya ya kasa ɗaga ido.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, kwamfutar nan zuciyarku ce, kariyar kuwa tsoron Allah. Tunanin kishi yakan shigo wa kowa, ni ma yakan shigo mini. Amma kada ku ba shi izinin ba da umarni, gama ranar da kuka ba shi, ba wanda kuke kishi zai cuta ba. Zakka ko labari bai ji ba. Gwauruwar da ta amince da Irmiya ce ta koma gida tana kuka.