Layin da Ya Katse Babu Sallama

Akwai wata injiniya mai rubuta manhaja a wani kamfanin kai kaya. Ita ta roƙi manaja ya ɗauki ƙaninta Auta aiki, ita ta koya masa komai.

Aka ba su aikin manhajar da za ta riƙa sanar da direbobi inda za su sauke kaya. Hanya biyu ce. Ko a bar layi a buɗe tsakanin ofis da wayar direba, saƙo ya riƙa shiga nan take, ko wayar ta riƙa tambayar ofis duk minti ɗaya a ba ta amsa.

"Direbobinmu suna shiga inda babu sabis," in ji ta. "Buɗaɗɗen layi zai katse shiru, direba bai sani ba. Amma wayar da ta tambaya ba a amsa mata ba, za ta gargaɗe shi."

"Gaskiyarki, Yaya," in ji Auta.

Ranar taro kuwa, yaron nan ya miƙe gaban manaja ya ce hanyarta tsohon yayi ce, Yaya ta fara tsufa. Har dariya aka yi. Aka ba shi ragamar aikin, ya bi hanyar buɗaɗɗen layi, ita aka mayar da ita teburin amsa ƙorafi.

Ba a yi mako biyu ba, layi ya katse wa wani direba. Ofis ya canza masa adireshi, saƙon bai isa ba. Ya kai maganin da ke buƙatar sanyi wani gari daban, maganin ya lalace a mota.

Manaja ya kira su, takardar kora tana kan teburinsa. Auta ko kunya babu ya ce, "Yaya ce ta rubuta wannan ɓangaren."

Wannan ya fi dariyar taron yi mata ciwo. Ta dube shi, ta juya ga manaja ta ce, "Ranka ya daɗe, a buɗe tarihin aikin. Kowane layin rubutun manhajar yana ɗauke da sunan wanda ya rubuta shi."

Aka buɗe. Sunan Auta ne daga sama har ƙasa. Manaja ya miƙa masa takardar korar, ya mayar wa yayar aikin.

A bakin ƙofa ya riƙe gefen mayafinta. "Yaya, ki sa baki."

"Bakin da na sa ne ya kawo ka nan," ta ce, ta koma ciki gyara manhajar.

Darasi: Kada ƙyale-ƙyale ya ruɗe ka, zaɓi abin da ya dace da masu amfani da shi. Kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, musamman ga mai cin amanar wanda ya ɗaga shi. Ku tura wa abokan aikinku.