Zabo da Jinkar Rumbu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Zabo ne sarkin gayyar dabbobi, ga shi da surutu. Damina ta kawo kai, jinkar rumbunsu kuwa ta ruɓe, sai ya kira taro a raba aiki.

Ya gaida kowa har da jikoki. Ya ɗauko labarin kakansa da ya gina rumbun, ya ratsa ta ciwon ƙafarsa, can tsakiya ya raba aikin, ya sake komawa kan kakansa. Sai da rana ta karkata ya ce, "Kar a manta da igiya. Kun gane?"

Ƙadangare yana gaba, yana ta gyaɗa kai.

Washegari kowa ya zo da igiya, babu mai ciyawa ko tsinke. Hadari ya haɗo, ruwa ya jiƙe hatsin sharkaf.

Zabo ya ce, "Ƙadangare, ba kai ka yi ta gyaɗa kai ba?"

Ƙadangare ya ce, "Ranka ya daɗe, gyangyaɗi nake yi. Daidai igiya na farka."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Na tsaya nan, kafin ku ma ku fara gyaɗa mini kai.