Mutumin da Gwaji Ya Ce Kyanwa Ne

Akwai wani mutum a unguwarmu ta bayan tashar jirgin ƙasa a Osaka, sunansa Kurata Shinpei. Na rantse ba za ku yarda da abin da ya aikata ba, amma ku dai karanta.

Shinpei bai gama jami'a ba. Shekara biyu ya yi ya tattara nasa ya nasa, wai malaman ne suka kasa gane shi. Sai dai akwai baki, kuma ya iya rubutu, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Ya buɗe shafi yana sharhin kayan kyanwoyi, musamman 'yan kwalayen gwajin DNA: ka goga tsinken auduga a cikin kumatun kyanwarka, ka aika ta gidan waya, a turo maka asalinta da cututtukan da ta gada.

Kamfanoni suna aiko masa kyauta, shi kuma yana rabon taurari biyar-biyar. Abin da mabiyansa ba su sani ba, Shinpei ba shi da kyanwa. Mai gidan hayarsa ko kifi bai yarda a ajiye ba. Hotunan shafin duk na magunan bayan kasuwa ne.

Wata rana shaƙiyancin ya motsa. Wani sabon kamfani ya aiko kwalinsa, sai gogan naku ya goga tsinken a nasa kumatun, ya rubuta sunan kyanwa "Shin", ya aika.

Bayan sati uku takarda ta dawo. Kashi sittin da biyu jinin kyanwar Farisa mai dogon gashi, sauran kyanwar gida. Babu ciwon ƙoda na gado. Har da shawarar a riƙa taje mata gashi kullum.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya sa takardar a gilashi, ya rataye a mashigar ɗakinsa inda ake cire takalma, duk abokin da ya zo sai ya nuna masa. Sannan ya zauna ya ba kamfanin taurari biyar, don sun sa hotonsa a shafinsu sun rubuta "ƙwararre" a ƙasa. Tun da ya bar makaranta ba wanda ya taɓa kiransa haka.

Maƙwabciyarsa tsohuwa ce, Hiraoka-san, wadda ta san shi tun yana yawo da majina. Mijinta ya rasu ya bar mata farar kyanwa mai dogon gashi, Anzu. Ta tare shi wata safiya a wurin zubar da shara.

"Shin-chan, an ce kai ne malamin kyanwoyi yanzu."

"An ce? Hiraoka-san, ƙasar nan kaf ni ake tambaya."

"To malam, likita ya ce irin su Anzu suna gadon ciwon ƙoda, in kai ta a ɗauki hoton cikinta. Bas biyu ne, ita kuma in ta shiga kwando kuka take kamar ana yanka ta. Wannan na auduga da ka yaba, gaskiya yake faɗa?"

Nan ne wurin faɗar gaskiya. Ya duba fuskarta, ya tuna kalmar "ƙwararre".

"Kamar yankan wuƙa," in ji shi. "Zan ma goga miki da hannuna."

Takarda ta dawo, Anzu lafiya lau. Tsohuwa ta fasa zuwa asibiti, ta kawo masa kwanon dafaffen kabewa na godiya. Ya cinye tas.

Wata takwas bayan haka Anzu ta fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ta rame, gashin ya cukurkuɗe. Likita ya ce ƙodojin sun yi nisa. Ciwon ba ya warkewa, amma da an gano da wuri da an sauya mata abinci an ja masa birki.

Shinpei ya ji labari. Ya goge sharhin a ɓoye, ya sauya hanyar zuwa tasha don kada ya bi ta ƙofarta. In ya ga kabewa a kanti sai ya kau da kai. Sau biyu yana zuwa bakin ƙofarta, ya ɗaga yatsa zai danna ƙararrawa, ya juya. Gilashin nan kuwa, ido ya saba da shi, ya manta yana rataye.

Kun san allon sanarwar unguwa da ke zagayawa gida-gida, kowa ya karanta ya buga hatiminsa ya miƙa wa na gaba. Daga gidanta sai nasa. Kullum a ƙofa take miƙo masa ta juya, amma ran nan ana ruwa, kunya ta sa ya ce ta shigo daga ciki.

Ta tsaya tana kakkaɓe lema. Sai ta hango takardar a gilashi, ta gyara tabarau.

"Sittin da biyu," ta ce. "Irin na Anzu sak. Har da maganar taje gashi. Ina wannan Shin ɗin? Ba a ajiye kyanwa a gidan nan."

Ya buɗe baki, ƙarya uku suka zo masa a jere, masu kyau kuwa. Ko ɗaya ba ta fito ba.

"Ni ne, Hiraoka-san. Kumatuna ne."

Ta duba kwanan watan da ke jikin takardar. Ya riga na Anzu da wata biyu.

"Ka sani ke nan."

"Na sani."

"Tawa takardar a gaban hoton maigidana na ajiye ta. Na karanta masa, na ce ya kwantar da hankalinsa, ina kula da ita." Ta juyo ta dube shi. "Kuma ka ci kabewata."

Ya zube a kan siminti tsakanin takalma, goshi a ƙasa. Ta ce ya tashi, goshinsa ba ya wanke ƙoda.

Ba ta yi faɗa ba, sharuɗɗa ta gindaya. Takardar "Shin" za ta shiga allon unguwa, da bayani da hannunsa da hatiminsa, gida ashirin da huɗu su karanta. Ba zai sake yabon wani kwali ba sai ya nuna kyanwar da aka goga wa, ya faɗi ko kyauta aka ba shi, ya kuma jera sakamakon da na likita. Kullum ƙarfe bakwai na safe zai zo ya riƙe Anzu a yi mata ƙarin ruwa ta fata.

Yana zuwa. Anzu ta tsane shi, hannuwansa duk yaƙushi ne. Yaran unguwa in sun gan shi sai su yi kukan mage, mai kifi kuma ya ce, "Shin, an taje gashin yau?"

Sharaɗin ƙarshe, ya rubuta labarin nan a shafinsa da bakinsa, kada ya rage komai. Ga shi kun karanta, ni ne Shinpei ɗin. Ku yi haƙuri da kurakurai, yatsuna biyu a naɗe suke.

Darasi: Kada ka yabi abin da ba ka gwada ba, kuma in ka gano ƙarya kada ka mayar da ita abin dariya ka yi shiru, domin akwai wanda zai ɗora ran abin da yake ƙauna a kan maganarka. Ku tura wa duk mai kyanwa, ku ce kwali ba ya maye gurbin likita.