Saƙon da Fitila Ta Hana Baba Faɗa

Akwai wani mai ɗaukar hoto da bidiyo da kowa a layinsu yake kira Mai Haske. Sunan ya samo asali ne daga fitilunsa na LED, irin masu faɗi kamar littafi, da ake maƙala musu batir a baya a kafa su kan sanda mai ƙafa uku. Duk inda za shi suna cikin jakarsa.

Gaskiya mutumin ya iya aiki, wannan ba a ƙwace masa ba. In ya haska fuskarka, kai da kanka sai ka ce ashe haka kake da kyau. Matsalarsa ɗaya ce: bai yarda akwai abin da ya fi aikin nan muhimmanci ba. In ya ga wani yana ɗaukar bidiyo da waya a ɗaki mai duhu, sai ya taɓe baki ya ce, "Wannan ai ɓarna ce."

Su uku ne a wurin mahaifinsu. Akwai Yaya, babbar 'yarsa, wadda take jinyarsa tun da hawan jini ya kwantar da shi. Sai Mai Haske. Sai Auta.

Auta ya daɗe ba ya gida. Ya bar karatu ya shiga tuƙin manyan motoci, ran Baba ya ɓaci, suka yi cacar baki a tsakar gida har Baba ya ce masa kada ya sake taka masa ƙofa. Auta kuwa zuciya gare shi irin ta uban. Ya ɗauki jakarsa ya tafi. Ba ya ɗaga kiran kowa daga gida, amma in an tura masa saƙo yana buɗewa. Sau ɗaya ya taɓa ba Yaya amsa, ya ce, "Da bakinsa ya kore ni. In yana so in dawo, da bakinsa zan ji."

Wata rana da hantsi Yaya ta kira Mai Haske.

"Ka zo yanzu. Baba ya ce yana da magana da Auta."

Da ya iso ya tarar da tsohon a jingine da matashi biyu, ya rame, tabarau ya zame masa har kan hanci. Yaya tana riƙe da wayarta.

"Ni da na ce in danna masa kawai ya yi maganar in tura," in ji ta. "Sai na ga ya kamata a ce kana nan."

Mai Haske ya kalli wayar ya yi tsaki. "Haba Yaya! Ina raye a ɗauki Baba da wannan abin? Kalli ɗakin nan fa, kamar cikin rijiya. Abin da jikoki za su gani ne nan gaba. Bari a yi shi yadda ya kamata."

Yaya ta tambayi Baba ko zai fara gaya mata abin da zai faɗa. Tsohon ya girgiza kai.

"Maganar ba taku ba ce. Tasa ce. Sau ɗaya zan faɗe ta, ba ni da ƙarfin maimaitawa."

Jama'a, ku ji fa. Mutum ya ce sau ɗaya zai faɗa. Amma Mai Haske hankalinsa yana kan jaka.

Ya sauke labule, wai hasken taga yana faɗa da na fitila. Ya kashe kwan ɗakin. Ya kashe fanka saboda ƙara, ga zafi. Ya kafa fitila ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ƙarama a bayan gadon. Ya sa Yaya ta kwashe kwalaben magani daga kan tebur, ta canja wa Baba riga. Kafin a gama duk wannan tsohon ya fara haki.

Ya kunna. Hasken ya daki fuskar Baba, ya runtse ido.

"To Baba, bismillah."

Baba ya gyara murya. "Auta, ɗana, ka saurare ni..."

"Tsaya Baba. Fitilar tana fitowa a gilashin tabarau."

Ya ɗaga sandar sama. Aka sake.

"Auta, ɗana..."

"Yi haƙuri Baba, inuwa ta sauko ƙarƙashin hanci."

Ya sauke ta ƙasa kaɗan, aka sake, ya sake tsayar da Baba. Ya murɗa wani maɓalli, hasken ya koma ruwan ɗorawa, ya ce ya yi yawa, Baba ya zama kamar mai ciwon shawara. Ya mayar da shi fari, ya ce yanzu kuma ramar ta fito. Daga ƙarshe ya cire wa Baba tabarau gaba ɗaya. Idanun tsohon da ba su saba da irin wannan haske ba suka fara zubar da ruwa.

"Kai, don Allah ka bar shi ya yi magana," in ji Yaya. "Ba talla kake ɗauka ba."

"Yaya, kowa da aikinsa. Ni na taɓa koya miki ba da magani?"

Aka sake farawa. A wannan karon Baba ya yi nisa kaɗan.

"Auta, ɗana, ka saurare ni. Ranar nan da muka tsaya a tsakar gida, abin da na faɗa maka..."

Sai fitilar hagu ta yi ƙyaf ƙyaf ta mutu. Batir ya ƙare. Rabin fuskar Baba ya shiga duhu.

Wallahi da ya yi shiru, kyamara tana ci gaba da ɗauka, da maganar ta fita. Amma ina! Bakinsa ya riga tunaninsa.

"Kash! Dakata Baba, kada ka ɓata ta. Bari in canja batir."

Ya zazzage jaka. Ɗayan batirin ma babu caji. Ya tsaya yana ƙunƙuni yana neman inda zai jona. Da ya juyo, Baba ya kwantar da kai, gumi ya jiƙa sabuwar rigar, ya sa hannu ya kare ido.

"Kashe abin nan," in ji shi a hankali. "Na gaji."

Yaya ta ɗaga labule ta kunna fanka. Mai Haske kuwa yana naɗe wayoyi yana cewa, "Ba komai Baba, gobe ma rana ce ta aiki. Zan zo da farin ƙyallen da ake sa wa fitila, yana sassauta haske, ba zai dame ka ba. Za ka ga yadda zai yi kyau."

Da yamma Yaya ta gwada da wayarta. Baba ya ce a bari sai ya huta.

Washegari da safe Mai Haske yana shago yana cajin batura, wayarsa ta yi ƙara. Yaya ce, tana kuka. Baba ya faɗi a hanyar banɗaki. A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma harshe ya tafi.

Mai Haske ya je da gudu, babu jaka, babu fitila. Ya durƙusa gaban gadon ya ciro wayarsa, irin wadda yake yi wa mutane dariya a kanta.

"Baba, faɗa yanzu. Ko yaya ne, faɗa kawai."

Baba ya dube shi. Leɓensa ya motsa, wani sauti ya fito wanda ba kalma ba ne. Ya sake gwadawa, hawaye ya gangaro ta gefen da bai shanye ba. Mai Haske ya miƙe. Ya fita baranda ya yi kuka irin wanda bai taɓa yi ba tun yana yaro.

Baba bai daɗe ba ya rasu. Saƙon rasuwar ya sami Auta yana kan hanya mai nisa, kafin ya iso an riga an kai tsohon makwancinsa.

Bayan mutane sun ragu, Auta ya sami Mai Haske a ɗakin Baba. Autan ya tsufa fiye da shekarunsa, idanunsa sun yi ja.

"Yaya ta ce Baba ya bar min magana a wurinka."

Mai Haske ya kasa haɗa ido da shi. Ya buɗe kwamfuta ya tura masa gabansa.

Auta ya kalli na farko. Ga Baba nan, fuskarsa ta fito tas, har furfurar gemunsa ana iya gani ɗaya ɗaya. "Auta, ɗana, ka saurare ni..." Sai wata murya daga bayan kyamara: "Tsaya Baba." Ya danna na biyu. Haka. Na uku. Haka. Bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya kai na ƙarshe, inda Baba ya ce "abin da na faɗa maka," ya matso da fuskarsa kusa da allon, ya riƙe numfashi. Sai rabin fuskar ya yi duhu, muryar Mai Haske ta shigo.

Ya mayar da shi baya ya sake kalla. Ya sake.

"Saura ina?"

"Babu saura."

"To me zai ce? Ya yafe min ne, ko yana nan kan bakansa?"

"Na tabbata yafewa zai yi, Auta. Ai da ka ga yadda..."

"Ya gaya maka?"

Mai Haske ya sunkuyar da kai. "A'a."

"Ya gaya wa Yaya?"

"A'a."

Auta ya rufe kwamfutar a hankali. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Shekara da shekaru ina jiran in ji muryarsa ya kira ni," in ji shi. "Ya kira ni, ga shi na gani. Duk lokacin da ya kira ni, kai ne ka amsa."

Ya tashi ya fita. Mai Haske ya zauna a bakin gadon da babu kowa.

Darasi: Iya aiki abu ne mai kyau, amma duk ƙwarewar da za ta hana ka sauraron mutumin da ke gabanka ta zama girman kai. Idan tsoho ko marar lafiya ya ce yana da magana, ajiye komai ka saurara a lokacin, ko a duhu ne, don ba kai kake riƙe da gobe ba. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rasu, Ya ba mu ikon sauraron waɗanda suke raye. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda yake ta cewa "sai an shirya" alhali wani yana jiransa.