Kotun da Ta Koma Gindin Rimi

An ce wai a wani babban birni, a zamanin da hamada ta fara cin ƙauyukan arewacin ƙasar, an yi wani alƙali ana ce da shi Malam Jafaru Ɗanbaiwa. Mutum ne mai tsantseni, ba ya yanke hukunci sai ya juya magana ciki da bai, kuma duk tsawon aikinsa ba a taɓa jin ya tsallake doka don ganin idon wani ba. Wannan hali nasa shi ya sa ranar da shari'ar rimin Kwarin Masaƙa ta zo gabansa, zama ya gagare shi.

Asalin abin kuwa daga babban birnin ƙasa ya taso. Gwamnati ta ga masu gawayi sun ƙarar da dazuzzuka, rijiyoyi suna ƙafewa, rairayi yana binne gonaki. Sai majalisar ƙasa ta yi doka mai tsanani, cewa duk itacen da ke da ɗanyen ganye a kansa, ko a daji yake ko a cikin gari, ya zama na hukuma, wanda ya sa masa gatari kuwa gidan yari ne makomarsa. Aka yi ta yabon dokar a rediyo, kuma ta cancanci yabo, don a wurare da yawa ta tsayar da ɓarna. Sai dai waɗanda suka tsara ta daji suke hange, ba su tuna da lungunan birni ba.

Kwarin Masaƙa tsohuwar unguwa ce, gida jingine da gida, jama'arta sun kai har an ba su mazaɓa tasu. A tsakiyarta akwai wani rimi da ya girmi kakannin kowa. Gara ta cinye cikinsa, ya karkata ya rusuna kan ɗan asibitin unguwa inda mata ke haihuwa, amma can ƙololuwarsa akwai sauran ganye kore shar. Da iskar farkon damina ta taso, wani reshe ya ɓallo ya tsaga katangar asibitin, masu jego suka fito a guje da jarirai a hannu. Washegari wani kafinta mai suna Ilu, wanda matarsa ke da tsohon ciki, ya ɗauko gatarinsa ya nufi rimin. Bai yi nisa da sara ba ma'aikatan gandun daji suka kama shi, suka gurfanar da shi gaban Malam Jafaru.

Ranar zama kotu ta cika maƙil, har ta tagogi ana leƙe. Wanda ya fara magana shi ne Malam Lurwanu, babban jami'in gandun daji na birnin, wani dogon mutum marar yawan fara'a.

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ba maƙiyin mutanen Kwarin Masaƙa ba ne. Ƙauyen da aka haife ni yau babu shi, rairayi ya rufe har masallacin. Da haka muka fara, kowa ya ce itace ɗaya ne kawai zai sare, kuma yana da dalili. Idan yau aka ce wannan rimi ruɓaɓɓe ne aka bar mai gatari ya tafi, gobe duk mai buhun gawayi zai rantse cewa nasa ma ruɓaɓɓe ne. Umarnin da aka ba ni daga sama a fili yake: muddin akwai ɗanyen ganye, itace yana da rai. Ni a wurina wannan rimi lafiyarsa lau."

Sai wata dattijuwa ta miƙe, Inna Turai, ungozomar da ke riƙe da asibitin. Ta gyara mayafinta ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ban san abin da aka rubuta ba. Abin da na sani shi ne in iska ta kaɗa, rimin nan kuka yake kamar tsohuwar ƙofa, mace tana naƙuda idonta yana kan rufi. Mata sun fara gudunmu suna haihuwa a gida, shekaranjiya da ƙyar aka ceto wata daga zubar jini. In mun zauna itace, in mun gudu jini. A faɗa mana inda za mu sa kanmu."

Alƙali ya juya ga Honorabul Sambo Garkuwa, ɗan majalisar da ke wakiltar mazaɓar, wanda ya zo da babbar riga da rakiyar magoya baya. Ya tambaye shi, "Ranka ya daɗe, ranar da aka yi dokar nan kana zauren?"

"Ina nan, Allah ya gafarta Malam."

"Ka ɗaga hannu?"

Honorabul ya yi gyaran murya. "Na ɗaga, don jam'iyya ta ce a ɗaga, kuma doka ce mai kyau. Amma ina tare da mutanena ɗari bisa ɗari. Majalisa tana hutu ne, da zarar an dawo bayan damina zan gabatar da ƙudurin gyara."

Inna Turai ta ce, "Bayan damina, Sambo? Ni na yanke maka cibi a ɗakin nan da kake cewa ya jira bayan damina."

Kotu ta kaure da hayaniya. Malam Jafaru ya ɗage zama zuwa gobe, aka mayar da Ilu ɗakin tsaro.

Alƙali ya koma ofishinsa, amma bai iya zama ba. Ya buɗe littafin doka ya rufe, ya sake buɗewa, ko zai sami wata kafa, bai samu ba. Aka kawo masa abincin rana ya huce a inda aka ajiye shi. In ya ɗaure Ilu ya bar rimin tsaye, ya bi doka, amma duk ran da ya salwanta a ƙarƙashinsa yana wuyansa. In ya sallame shi ya ce a sare, ya zama alƙalin da ke zaɓar dokar da ta yi masa daɗi, kuma ya san kotun sama za ta rushe hukuncin, a sake kama kafintan. Ya je taga ya dawo, ya sake komawa. Gabas ta yi baƙi, hadari yana haɗuwa yana watsewa.

Da la'asar ya sa takalmi ya tafi Kwarin Masaƙa da ƙafa, shi kaɗai. Ya tsaya a gindin rimin ya ɗaga kai har hularsa ta kusa faɗuwa. Iska ƙalilan ta kaɗa, sai ya ji wata ƙara daga cikin kututturen, doguwa, mai sa tsigar jiki tashi, garin itace yana zubo masa a kafaɗa. Ƙafafunsa suka so su gudu, ya hana su. Ya ce a ransa, "Ashe abin da ake jayayya a kai ke nan, mu kuwa muna can ƙarƙashin rufin siminti da fanka muna auna shi." Ya daɗe yana juya wannan magana. Da ya juyo gida, tafiyarsa ta fi ta zuwansa sauri.

Da safe kotu ta zauna, ya ce, "Na saurari kowa. Dokar ƙasa tana nan daram, kotun nan ba ta da ikon taɓa ta, saboda haka babu mai sa wa rimi gatari."

Mutanen unguwa suka ɗauki salati. Ya ɗaga hannu suka yi shiru.

"Amma an sami saɓani tsakanin shaidu. Jami'i ya ce itacen lafiyarsa lau, ungozoma ta ce yana gab da faɗuwa. Doka ta ba alƙali damar ya zauna a inda abin jayayya yake har ya gane gaskiya da idonsa. Daga yau kotun nan ta koma gindin rimin Kwarin Masaƙa, za ta riƙa zama kullum daga hantsi zuwa la'asar har a gama shari'a. Malam Lurwanu shaida ne, halartarsa dole ce. Honorabul ma shaida ne, tunda da hannunsa aka yi dokar, halartarsa dole ce. Ilu kuwa an ba da belinsa, ya tsaya daga nesa, don shi ya riga ya faɗi abin da ya gani da gatarinsa. Magatakarda da 'yan kallo su ma daga nesa."

Ya ɗan dakata, sannan ya dubi Inna Turai. "Wannan gini na kotu kuma, tunda zai zama fanko, bai kamata a bar dukiyar hukuma ba mai kula da ita ba. Inna, kotu ta damƙa miki amanarsa. Ki kwaso gadajenki da matanki."

Kafin azahar an jera gadajen haihuwa a inda lauyoyi ke tsayawa, an kuma kafa tebur da kujeru uku a gindin rimi.

Ranar farko Honorabul ya zo da raha, yana ɗaga wa jama'a hannu. Da iska ta motsa, rimin ya yi kukansa, sai rahar ta ɗauke. Ya zauna a bakin kujera, ƙafa ɗaya a waje, yana ta latsa waya yana kiran manya a babban birnin ƙasa. Malam Lurwanu ya harɗe hannuwa ya ƙi ɗaga kai sama, amma gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Shi kansa alƙali ba a natse yake ba. Layi guda yake ta maimaitawa a takardar gabansa, kunnensa yana sama, bakinsa yana motsi da addu'a. Ya san in rimin ya tashi faɗuwa ba zai tambayi wane ne alƙali ba. Sau da yawa zuciyarsa ta ce masa ya yi ganganci, ya jefa rayukan bayin Allah cikin haɗari a kan dabarar da ba lalle ta ci ba, sai ya tuna kujerarsa ce ta fi kusa da kututturen, ya ci gaba da zama.

Labari ya bazu. Mutane suka riƙa zuwa daga wasu unguwanni suna tsayawa a bakin lungu suna kallo, 'yan jarida suka zo da na'urorinsu, su ma daga nesa. Ana cikin haka wata rana da azahar hadari ya taso gadan-gadan. Iska ta kwashe takardun tebur, wani busasshen reshe ya faɗo ya ragargaza tulun ruwan da ke gefensu. Honorabul ya yi tsalle ya bar takalmi ɗaya.

Ya dawo yana haki ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ina neman izinin tafiya babban birnin ƙasa yau ɗin nan. Na tuna ministan gandun daji yana da ikon ba da umarnin gaggawa ko majalisa tana hutu."

Alƙali ya ce, "Madalla da wannan tunawa. Kotu ta ba ka izini. Kujerarka tana nan tana jiranka."

Malam Lurwanu ya tashi ya karɓi wani dogon ƙarfe a hannun yaransa, ya je ya soka a jikin rimin. Ƙarfen ya shige har ƙarshensa bai gamu da komai ba. Ya tsaya yana kallon ramin, sannan ya juyo.

"Allah ya gafarta Malam, ina so in gyara shaidata. Ganyen da nake dogaro da shi ɓawo ne kawai ke riƙe da shi. Zan bi Honorabul in faɗi haka da bakina a gaban waɗanda suka ba ni umarni, ko da zai ci aikina. Amma ina roƙo kada a buɗe ƙofar da masu gawayi za su bi."

"Wannan roƙo ka kai shi can," in ji alƙali, "kai ka fi kowa sanin yadda za a tsare ta."

Suka tafi. Malam Jafaru ya ci gaba da zuwa gindin rimi shi kaɗai, yana buɗe zama yana ɗagewa, don ya ce kotu ba ta tashi daga inda ta ce za ta zauna. Bai yi ƙiba a kwanakin nan ba.

Ba a daɗe ba umarni ya fito, ba don Kwarin Masaƙa kaɗai ba, don dukan biranen ƙasar: itacen da ke barazana ga rayuka ana iya sare shi, in alƙali da jami'in gandun daji sun tsaya a ƙarƙashinsa sun gani da idonsu, ba a sayar da ko reshe ɗaya, kuma unguwa ta dasa wasu a madadinsa. Sai ga shi ashe birane da yawa suna da irin wannan rimi, kowa ya yi shiru yana jiran tsautsayi. Aka sare na Kwarin Masaƙa gaɓa-gaɓa da igiyoyi. Ilu kuwa, tunda ya sa gatari kafin izini, aka yanke masa hukuncin ƙera wa kowane dashe shingen katako saboda awaki. Ya karɓa yana dariya, don a ranar matarsa ta sauka lafiya a cikin kotu.

Da za a kwashe teburin, Malam Lurwanu ya matso ya ce, "Allah ya gafarta Malam, tambaya ɗaya. Da ya faɗo mana fa?"

Alƙali ya ce, "Da kafin magariba an gyara dokar. Da kuwa a kan matan unguwar nan ya faɗo, da ta'aziyya kawai za a aiko."

Masu hikima suka ce daga wannan: doka daga nesa ake rubuta ta, amma a kusa take sauka. Wanda ke son ya san nauyinta, ya ja kujerarsa zuwa inda za ta faɗo.