Yaran da Hedimasta Ya Kulle a Sito

Akwai wani hedimastan firamare da malamansa ke kira Malam Tsaf-tsaf a bayan idonsa. Mutum ne mai son a yaba masa, ko takalminsa sai ka hango fuskarka a ciki.

Wata rana aka aiko masa cewa manyan baƙi za su zo ganin makaranta. Ranar zuwansu, tun da safe ya bi aji-aji yana tsame yara: mai yagaggen yunifom, mai silifa ɗaure da waya, mai zuwa da littafi ɗaya tal a leda. Ya tasa su gaba har sito, inda ake jibge karyayyun bencina.

Malamar aji uku ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗakin nan fa ko taga babu."

"Malama, so kike su zubar mini da mutunci? Ku kuma, kada in ji motsin kowa!" Ya danna kwaɗo.

Baƙi suka zagaya, suka ga yara fes-fes, kowa da jakarsa. Hedimasta sai washe baki yake.

Da za su tafi, shugabarsu ta ce, "Malam, sannu da ƙoƙari. Ƙungiyarmu yara marasa ƙarfi take tallafa wa. Ga mota can cike da littattafai da yunifom da takalma. Tunda naka ba su da buƙata, bari mu ƙarasa makarantar gaba."

Mukullin siton na cikin aljihun hedimasta, cewa kawai zai yi su dakata. Amma da wane ido zai buɗe ƙofar nan a gabansu? Haka ya tsaya yana ɗaga musu hannu har motar ta fice.

Da ya buɗe sito, zafi ya buge shi a fuska. Yaran na zaune a ƙasa, sun jiƙe sharkaf da gumi. Ƙaramarsu, 'yar mai wankau, ta miƙe tana murmushi.

"Malam, mun yi shiru. Ba mu ba ka kunya ba, ko?"

Malamar aji uku ta raɓa ta gefensa da bokitin ruwa, ko kallonsa ba ta yi ba. Shi kuwa ya durƙusa a bakin ƙofa, ya rufe fuska da hularsa.

Darasi: Talaucin yaro ba abin kunya ba ne, ɓoye shi da tauye masa rabonsa ne abin kunya. Ku tura wa malamai da iyayen da kuka sani.