Mutumin da Ya Sauya wa Mita Wuri

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Akwai wani mutum mai yi wa dabbobi allurar rigakafi. Kowace shekara, kafin damina ta kankama, yakan haye kogi ya bi ƙauyuka yana yi wa awaki da tumaki allura, don kada ciwon nan mai majina da gudawa ya share garke. Mutanen can Likita suke ce masa. Yana da wani ɗan ɗaki mai taya biyu da yake ɗaurawa a bayan motarsa. A ciki akwai gado, da fitila, da ƙaramin firji inda yake ajiye kwalaben magani. Shi kuwa maganin nan, in ya wuni cikin ɗumi ya tashi daga aiki, ko kwalba goma ka ɗura wa akuya, ruwa ka ɗura mata. Firjin yana shan wuta daga wani batir da ke ƙarƙashin gado, batirin kuma mota ce take cika shi ta wata waya in ana tafiya.

Matarsa Rifkatu, wadda take binsa tana riƙe masa dabbobi, ita ta matsa masa ya sayi mitar da za ta riƙa nuna ƙarfin batirin. Ya sayo, 'yar ƙarama kamar kwalin ashana, mai nuna lamba da jan haske. Ya kai wa Irmiya mai gyaran wutar mota, ya tarar da shi aiki ya yi masa yawa.

Irmiya ya ce, "Likita, bar mini ita zuwa jibi in ɗaura maka."

Mutumin ya ce, "Jibi? Ni da nake samo jijiya a wuyan ɗan akuya yana shure-shure, waya biyu ce za ta gagare ni?"

Irmiya ya ce, "To, shi ke nan. Amma a kan batirin kansa za ka ɗaura, ba wani wuri ba. In ka ga sha biyu da rabi, lafiya lau. In ta yi ƙasa da sha biyu, ka kawo mini in duba."

Mutumin ya koma gida, ya ɗage katifa, ya cire katakai, ya kutsa ƙarƙashin gado. Ya buga kai sau biyu, gumi ya cika masa ido, da ƙyar ya ɗaure jar waya da baƙa. Ya fito ya duba. Sha ɗaya da rabi.

Ya tayar da mota, ya dawo ya duba. Sha ɗaya da rabi. Ya ƙwanƙwasa mitar da yatsa, ya hura mata iska, ya kwance ya sake ɗaurawa. Ko gezau.

Ya ja tsaki ya ce, "Batirin da na saya bara? Jabu suka sayar mini, wannan mita maƙaryaciya ce."

Rifkatu tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Maigida, ko dai gaskiya take faɗa?"

"Ke kuma me kika sani a harkar batir?"

"Ban san kome ba. Na dai ji Irmiya ya ce a kai masa."

"Irmiya, Irmiya! Gobe da safe za mu tashi, yaushe zan tsaya jiran Irmiya?"

Yana cikin wannan mita da ƙunƙuni, sai idonsa ya faɗa kan wurin da wayar mota take shigowa ɗakin, dab da ƙofa. Wuri ne a sarari, ba sunkuyo, ba buga kai. Ya ce bari ya gwada nan. Ya kwance wayoyin daga kan batir, ya taɓa su a wurin, mota kuwa tana ta ruri a waje. Sai ga sha huɗu, jajir.

Ya washe baki ya ce, "Yauwa! Yanzu kika yi magana." Ya naɗe da salatif, ya kafe mitar a jikin bango.

Rifkatu ta ce, "Ai ba batir kake aunawa ba ke nan."

Ya ce, "Duk waya ɗaya ce. Wutar da ta zo nan, ina za ta in ba batir ba?"

Da ya kashe mota, mitar ta yi duhu. Rifkatu ta nuna masa. Ya ce, "Hutawa take yi. Irin na yanzu haka suke, wayo gare su." Ta dube shi, ta dubi sama, ta koma ta ci gaba da ɗaurin kaya.

Kwana biyu suka yi a hanya. Duk inda suka tsaya, yakan bar mota a kunne, ya leƙa ɗakin, ya ga sha huɗu, ya kira ta ta zo ta gani. A rana ta biyu ta ce, "Maigida, tun hantsi ban ji ƙugin firjin nan ba."

"Ƙarar mota ce ta cika miki kunne."

"To buɗe mu taɓa mana."

"Ba a yawan buɗe shi, sanyi ne yake fita. Kin ga sha huɗu da idonki, me kuma kike so?"

Rana ta uku da hantsi suka isa ƙauyen farko. Mutane sun taru a gindin tsamiya, kowa riƙe da igiya, awaki sai kuka suke. A gaban layi akwai wata tsohuwa da awakinta biyar, su ne duk abin da ta mallaka. Mutumin ya wanke hannu, ya shiga ɗaki, ya buɗe firji. Iska mai ɗumi ta bugi fuskarsa. Ya ɗauki kwalba, ya ji ta kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai.

Zuciyarsa ta ce masa, wa zai sani? Allura dai allura ce a idon mai akuya. Ya juya, sai ya ga Rifkatu ta kafe shi da ido. Ta ce, "Kada ma ka soma."

Ya fito ya gaya wa mutane magani ya lalace. Tsohuwar ta ce, "Likita, tun fitowar rana nake jan awakin nan. Ba ka da abin da yake gaya maka in sanyi ya ƙare ne?"

Ya ce, "Ina da shi, Iya."

"To, bai gaya maka ba?"

Ya sunkuyar da kai. Rifkatu ce ta amsa. Ta ce, "Ya gaya masa, Iya."

Suka juyo gida, suka zarce wurin Irmiya. Irmiya ya bi wayar da yatsa daga bakin ƙofa zuwa ƙarƙashin gado, ya zaro wani fiyus ɗan mitsitsi, bai fi farce ba, ya ƙone. Ya ɗaga shi ya ce, "Haba Likita! Haba! Wuta tana zuwa har bakin ƙofa, ba ta isa batir. Abin da mitar ta gaya maka ke nan tun ranar farko. Da ka zo, kafin mu gama gaisawa na sauya shi. Kai in ma'auni ya nuna maka saniya tana zazzaɓi, zarewa kake yi ka sa wa lafiyayyiya?"

Kafin sabon magani ya iso, ruwa ya sauka, kogi ya cika, wata uku ba mota mai hayewa. Ciwon kuwa bai jira kowa ba. Da mutumin ya koma da kaka, tsohuwar nan akuya ɗaya ta jawo.

Ma'anar wannan misali ita ce, batirin nan zuciyarka ce, mitar kuma Maganar Allah ce, wadda take nuna wa mutum yadda yake. Da yawa cikinmu a bakin ƙofa muke aunawa. Ranar Lahadi, ganga tana tashi, zumuntar mata tana rera waƙa, na gefenka yana addu'a da ƙarfi, sai ka ji jikinka ya ɗauka, ka ce lafiya nake. Wannan ƙarfin na jama'a ne, 'yan'uwana, kuma abu ne mai kyau, amma ba shi ne tabbacin ya shiga cikinka ba. Ranar Laraba ake ganewa, sa'ad da dabbar maƙwabci ta cinye maka shuka, ko aka gaya maka maganar da ba ka so a gaban mutane.

Abin takaicin kuma, Ubangiji ba ya barin mu a duhu, yakan faɗa mana. Mu ne in aya ta soke mu, sai mu buɗe wani shafi. In ɗan'uwa ya gaya mana gaskiya, sai mu koma hira da mai yabon mu. Alhali sau da yawa abin da ya toshe hanya ƙarami ne: gabar da ka riƙe tun bara, ko addu'ar safe da ka daina ba ka gaya wa kowa ba. Kuma ba kai kaɗai kake shan wahalar ba. Akwai mai jiran haƙurinka a gida, akwai mai jiran gaskiyarka a wurin aiki, ranar da za su miƙo hannu su tarar babu.

Saboda haka, cikin makon nan, ka sami lokacin da ba ganga, ba waƙa, ba mai kallon ka, ka durƙusa ka ce, "Ya Ubangiji, nuna mini yadda nake." In abin da ya nuna maka bai yi maka daɗi ba, kada ka tashi neman wani wurin aunawa. Ka tsaya nan, ka roƙe shi ya gyara.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya. Sauran aikin yana hannunku.